Furen Hof: Ɗaci Ko Ƙamshi, Wanne Mai Dafa Giya Zai Saya?

Duk wanda ya je suna ko ɗaurin aure a zango, a Kumasi ne ko a Garwa ko a Yamai, da wuya ya tashi ba a dire masa kwalbar lemun malt a gabansa ba. Mukan sha mu yi hamdala mu ture kwalba gefe, ba ruwanmu da ƙananan rubutun da ke jikin takardarta. To amma in mutum ya ɗan tsaya ya karanta jerin kayan haɗin, a kwalabe da yawa zai ga bayan ruwa da sukari da hatsi an rubuta wata kalma, a Turanci hops, a Faransanci kuwa houblon. Wannan ɗan ɗaci-ɗacin da ke biyo bayan zaƙi a maƙogwaro, da hannunsa a ciki. Mu a nan za mu kira shi hof, tun da ba shi da suna a Hausa, kuma ba a noma shi a gonakinmu.

Mun san galibin masu karanta wannan shafi ba mashaya giya ba ne, addini ya hana, kuma mu ma ba tallarta muka zo yi ba. Lemun malt dai ba a barinsa ya tashi ya zama barasa, shi kansa hof ɗin kuma ba ya sa maye. Sai dai kusan dukkan hof da ake nomawa a duniya tukunyar giya yake shiga, don haka ba yadda za a ba da labarinsa ba tare da an ambaci masu dafa ta ba. Irinsa sun haura 200, kowanne da halinsa da kuɗinsa, kuma zaɓen wanda za a saya ya sha ɗaga wasu manoma, ya durƙusar da wasu. Mai dafa giya yana iya canja ra'ayi cikin mako guda. Manomin da ya dasa iri kuwa ya ɗaure kansa ke nan na shekara goma sha biyar ko ashirin.

Hof tsiro ne mai yaɗo, yana nannaɗe duk abin da ya samu ya hau, kamar yadda doya ke hawan sanda. A wajen masana tsirrai dangin tabar wiwi ne, amma zumuncin a nan ya tsaya, domin ba shi da abin mayen da ke cikin wiwi. Tushensa na nan zaune cikin ƙasa shekara da shekaru. In hunturu ya zo sai sama ta mutu, in sanyi ya wuce ya sake tohowa. Manoman Jamus sukan kafa dirkoki masu tsawon mita 7, su ja waya a kansu, su sako waɗansu wayoyin zuwa ƙasa, sa'an nan a bi da hannu ana naɗa toho biyu ko uku a jikin kowace waya. A watan Yuni, in yanayi ya yi masa daɗi, yakan ƙara tsawon da ya kai santimita 30 a yini guda.

Abin da ake nema shi ne furen macen, wani ɗan ƙunshi kore mai ɓawo-ɓawo wanda bai fi babban yatsa ba. In an ɓare shi za a ga wani gari rawaya mai danƙo a gindin ɓawon, ana ce masa lufulin, to a nan ɗacin da ƙamshin suke. Namijin ba a son ganinsa kusa da gona, don in ya yi barbara furen zai cika da ƙwaya. A yankunan noman hof na Jamus ma doka ce a tumɓuke namijin da ya fito a daji. Ana girbi daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, a busar nan take, domin ɗanyen fure kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne, kuma sai an mai da shi wajen kashi 10 kafin ya ajiyu. Wani abu kuma da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ba ƙwaya ake shukawa ba. Tushe ake yankowa a dasa, kamar yadda muke yi da rogo ko rake. Ke nan duk gonakin da aka dasa iri guda tamkar jiki ɗaya ne, cutar da ta ka da ɗaya za ta iya ka da sauran.

Turawa sun daɗe da sanin amfaninsa. Tun a shekarar 822 an ambace shi game da dafa giya a cikin dokokin wani gidan ibada na Corbie da ke Faransa, a ƙarni na 12 kuma wata malamar Kirista ta Jamus mai suna Hildegard ta rubuta cewa ɗacinsa na hana abin sha lalacewa. A 1516 sarakunan Bavariya suka kafa dokar nan da ta shahara, wadda ta ce kada a sa komai a giya sai ruwa da sha'ir da hof.

Ɗaci da farko, ƙamshi daga ƙarshe

Aikin hof a tukunya iri biyu ne, kuma ba sa shiri da juna. Na farko ɗaci, wanda ke fitowa daga wani sinadari da ake kira alfa. Alfa ba ya narkewa a ruwa sai an tafasa shi kamar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, inda zafi ke juya shi ya narke ya ba da ɗacin da zai karya zaƙin ruwan tsiron hatsi. Shi ne kuma ke hana wasu ƙwayoyin cuta masu sa tsami yaɗuwa, yana kuma taimaka wa kumfa ta tsaya a bakin kofi. Na biyu ƙamshi, wanda ke cikin wani ɗan mai da furen ke ɗauke da shi. Shi kuwa man nan ba ya jure wuta, da an daɗe ana tafasawa sai ya bi tururi. Matanmu sun san wannan a madafa: akwai abin da ake zubawa tun tukunya na ɗaukar zafi, akwai kuma wanda sai an kusa saukewa ake barbaɗawa. Haka mai dafa giya yake yi, hof ɗin ɗaci da farko, na ƙamshi a mintocin ƙarshe, wani ma sai bayan giyar ta huce ta tashi.

Daga nan ne kasuwar ta rabu gida biyu. Akwai irin da ake saye don yawan alfa, akwai wanda ake saye don hanci. Bari mu yi ɗan lissafi domin a ga inda kuɗin yake. Ana auna ɗacin giya da wani ma'auni, inda maki ɗaya yake daidai da miligiram ɗaya na narkakken alfa a lita ɗaya. A ce mutum yana son dafa lita 100 mai maki 20, wato ɗaci matsakaici irin na giyar kwalba da aka saba sayarwa. Yana bukatar giram 2 na narkakken alfa. Amma da yake abin da ke kaiwa cikin kwalba bai cika wuce kashi 30 cikin 100 na abin da aka zuba ba, dole ya zuba wajen giram 7. In ya zaɓi tsohon irin nan na ƙasar Cek da ake kira Saaz, mai alfa kashi 3 da rabi cikin 100, zai zuba fure kimanin giram 190. In kuwa ya zaɓi Herkules na Jamus, mai alfa wajen kashi 16, giram 42 sun ishe shi.

A gona ma haka abin yake, har ya fi. Hekta ɗaya ta Saaz takan ba da busasshen fure tan ɗaya da 'yan kai, ta Herkules kuwa fiye da ninki biyu na haka. In aka haɗa yawan fure da ƙarfin alfa, sai a ga hekta ɗaya ta Herkules na ba da ɗacin da sai an noma wajen hekta goma ta Saaz kafin a samu. Babban kamfanin da ke dafa miliyoyin lita, wanda akawunsa ke ƙirga kowane giram, ba sai an gaya masa inda zai nufa ba.

To me ya sa har yanzu ake noman Saaz? Domin akwai abin da ma'auni ba ya kamawa. Saaz ɗaya ne daga cikin tsofaffin iri huɗu da masu sana'ar ke yi wa kallon 'ya'yan sarauta. Sauran ukun su ne Hallertauer Mittelfrüh da Tettnanger da Spalter, dukkansu na Jamus, kowanne da sunan yankin da ya fito. Ba wani masani da ya ƙirƙiro su, manoma ne suka yi ta zaɓen tushe mai kyau suna dasawa tun kaka da kakanni. Alfansu kaɗan ne, amma ƙamshinsu mai taushi ne, tsakanin na busasshiyar ciyawa da fure da ɗan yaji-yaji. Da Saaz ne wani Bajamushe mai suna Josef Groll ya dafa giyar nan garai-garai mai launin zinariya a garin Pilsen a 1842, wadda yawancin giyar kwalba ta duniya ke kwaikwayo har yau. Garin Zatec, wanda Jamusawa ke kira Saaz, hukumar UNESCO ta sa shi da gonakin hof ɗinsa cikin wuraren tarihi na duniya a 2023. Wanda ya gina sunan giyarsa a kan wannan ƙamshi ba zai iya musanya shi da mai araha ba tare da masu saye sun ji a bakinsu ba.

Sai dai ɗan sarauta ba ya jure wahala. A cikin shekarun 1920 wata cutar fumfuna ta afka wa gonakin Hallertau, yankin da ke arewa da birnin Munik, wanda ya fi ko'ina noman hof a Turai. Ɓarnar da ta yi ce ta sa aka kafa cibiyar binciken hof a ƙauyen Hüll a 1926. Daga shekarun 1950 kuma wata cutar ta daban, mai zama cikin ƙasa ta shiga saiwa ta sa tsiro yaushi, ta bi Mittelfrüh gona-gona, har ya zamana zuwa shekarun 1970 yawancin manoma sun tumɓuke shi sun dasa wasu irin. A Ingila ma haka ta faru da Fuggle, irin da aka fara sayarwa a yankin Kent a 1875. A wajajen 1950 shi ne fiye da kashi uku cikin huɗu na gonakin hof na ƙasar, amma cutar yaushin nan ta mai da shi ɗan tsiraru. Abin da muka ce a riƙe ɗazu ke nan, jiki ɗaya cuta ɗaya.

Mutumin da ya buɗe hanyar sababbin iri wani masani ne na kwalejin aikin gona ta Wye a Kent, Farfesa Ernest Salmon, wanda ya fara aiki a can a 1906. An aiko masa da tushen wani hof na daji daga garin Morden a jihar Manitoba ta Kanada, ya dasa shi kusa da na Ingila aka yi barbara, daga cikin 'ya'yan da suka fito a 1919 ya zaɓi wanda aka fitar wa manoma a 1934 da sunan Brewer's Gold. Shekara goma sha biyar ke nan tsakanin shuka da kasuwa, kuma har yanzu fitar da sabon iri ba ya kasa shekara goma. Alfansa ya fi na tsofaffin nesa ba kusa ba. Amma masu dafa giya na Ingila da yawa suka yatsine fuska, suka ce ƙamshinsa ya yi gautsi, na Amurka ne. Abin dariya, yawancin irin da ke da ƙarfin alfa a yau jikokinsa ne, kuma wannan ƙamshin da aka raina shi ne daga baya aka riƙa biyan kuɗi mai yawa a kansa.

Ga yadda aka yi. A 1972 ma'aikatar aikin gona ta Amurka, tare da jami'ar jihar Oregon, suka fitar da wani iri mai suna Cascade, wanda ke da jinin Fuggle. An yi shi ne da fatan ya maye gurbin hof mai ƙamshi da ake sayowa daga Turai, amma manyan kamfanoni da suka gwada sai suka ga ƙamshinsa na ɓawon lemo ya yi musu yawa, suka ja baya. Ƙananan masu dafa giya ne suka ɗauke shi. Kamfanin Anchor na San Faransisko ya yi giya da shi a 1975, sa'an nan wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Sierra Nevada da ya fara aiki a garin Chico na Kalifoniya a 1980 ya gina sunansa a kansa. Daga nan ƙananan madafai suka yi ta ɓullowa har suka kai dubbai, kowa na neman ƙamshin da ya fi na maƙwabcinsa ƙarfi. Aka fitar da Citra a wajajen 2008, mai ƙamshin mangwaro da lemo, aka fitar da Mosaic a 2012. Waɗannan biyun kuwa mallakar kamfani ne, manomi ba ya dasa su sai da izini, kuma akwai ladan da ake biyan masu irin. Wasu giyoyin na wannan yayi akan zuba musu hof har kilo guda a lita 100. A gwada wannan da giram 42 da muka lissafa a baya, za a gane dalilin da manoman kwarin Yakima a jihar Washinton, inda ake noma wajen kashi uku cikin huɗu na hof ɗin Amurka, suka yi ta faɗaɗa gonaki.

Manomi a tsaka mai wuya

Kasuwar hof ba ta da tsakiya, ko dai a rasa ko a yi ambaliya. Bayan shekaru na faɗuwar farashi da suka sa manoma da yawa suka bar sana'ar, sai ga gobara a wani rumbun ajiya a Yakima a watan Oktoba na 2006 ta cinye wajen kashi 4 cikin 100 na amfanin Amurka na shekarar, ga kuma girbi mara kyau a Turai. A 2007 da 2008 farashi ya ninka sau da yawa, ƙananan madafan da ba su ƙulla yarjejeniyar saye tun da wuri ba suka koma dafawa da duk irin da suka samu. Kowa ya ruga dasawa. Zuwa 2021 gonakin hof na Amurka sun haura hekta 24,000. Sai kuma cinikin giyar ƙananan madafai ya tsaya cik, rumbuna suka cika da Citra da 'yan uwansa, aka shiga tumɓukewa. A 2024 abin da ya rage bai fi hekta 18,000 da 'yan kai ba, har Jamus mai wajen hekta 20,000 ta sake karɓe matsayinta na farko.

A yi tunanin manomin da ke tsaye a gonarsa a Hallertau, ɗaya daga cikin iyalai kimanin 1,000 da suka rage suna wannan noma a Jamus. Dirkoki da waya da injin tsinke fure da ɗakin busarwa duk kuɗi ne masu nauyi, wani ma da bashin banki ya yi su. In ya dasa sabon iri, sai shekara ta biyu ko ta uku zai ga cikakken amfani. In ya zaɓi Herkules, wanda cibiyar Hüll ta fitar a 2006 kuma ya zama irin da ya fi kowanne yawa a ƙasar, yana da tabbacin yawan amfani, amma kayansa ba su da suna: mai saye alfa kawai yake so, duk inda ya fi araha can zai je. In ya zaɓi tsohon iri mai ƙamshi, kilo zai yi tsada, amma amfani kaɗan ne, ga cuta na jira. In kuma ya bi yayi, to ai an gani. A 2012 cibiyar ta fitar da iri masu ƙamshin 'ya'yan itace, irin su Mandarina Bavaria, domin a yi gasa da na Amurka, manoma suka dasa da ɗoki, amma kasuwar ba ta kai yadda aka zata ba, da yawa suka rage. Abin da ke ɗan rufa wa manomi asiri shi ne yarjejeniyar shekaru da akan ƙulla da dillalai, inda ake yanka farashi tun kafin a dasa. A ganinmu wannan ita ce dabarar da ta fi kowace a cikin sana'ar, kuma masu noman dawa da ke sayar wa kamfanoni a ƙasashenmu za su so a ce suna da irinta mai ƙarfi.

Yanzu kuma ga zafi ya shigo lissafi. Galibin gonakin Hallertau da na Zatec da ruwan sama suka dogara, ba kamar Yakima ba inda ƙasar busasshiya ce kuma komai da ban ruwa ake yi. A farin 2022 amfanin Jamus ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu in an gwada da na 2021, na ƙasar Cek kuwa ya kusa raguwa da rabi, kuma tsofaffin iri masu ƙamshi ne suka fi jin jiki. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature Communications ta buga a 2023 ya yi hasashen cewa zuwa 2050 amfanin hof mai ƙamshi a Turai zai ragu da kashi 4 zuwa 18 cikin 100, alfansa kuma da kashi 20 zuwa 31. Shi ya sa masu binciken Hüll suka mai da hankali ga irin da ke jure fari, kamar Tango da Titan. Matsalar ita ce shawo kan mai dafa giya ya taɓa haɗin da ya gada, alhali masu sayensa sun saba da ɗanɗano guda.

Mu kuma fa?

Mai karatu zai ce, tun da abin na da kuɗi haka, me zai hana mu dasa a Tamale ko Ngaundare? Ba taki ba ne matsalar, ba kuma ruwa ba. Tsawon yini ne. Hof yana son dogon yini domin ya yi ta hawa yana yin rassa, sai ya ji yini ya fara gajarta sa'an nan ya yi fure. A Hallertau hasken rana yakan kai awa 16 a watan Yuni. Mu kuwa daga Akara har Njamena yininmu bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara, don haka tsiron zai ɗauka kaka ta yi tun yana ƙarami, ya yi ɗan fure kaɗan ya tsaya. Ga shi kuma tushen na son sanyin hunturu domin ya huta. Saboda haka ne nomansa ya taru a ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, tsakanin digiri 35 da 55, a arewa da kudu.

A nahiyarmu wurin da aka yi suna da shi shi ne kewayen garin George a Afirka ta Kudu, can kusa da teku, inda ake nomansa tun shekarun 1930. Ko a can ma yinin bai isa ba, sai da aka riƙa kunna fitilun lantarki a gona da dare domin a ruɗi tsiron, kafin masu bincike su fitar da irin da suka dace da gajeren yini, kamar Southern Star da Southern Passion da African Queen. Gonakin 'yan ɗaruruwan hekta ne kawai. A 2017, bayan babban kamfanin AB InBev ya saye SABMiller mai riƙe da wannan noma, ya ce amfanin shekarar bai isa a sayar wa ƙananan madafan Amurka ba, aka yi ta ce-ce-ku-ce. A Brazil ma akwai masu nomansa da taimakon fitila. Amma wanda ya san yadda wutar lantarki take a garuruwanmu zai yi murmushi kawai.

Don haka duk hof da ke shiga tukwanen kamfanonin Akara da Kumasi da Duwala da Legas, ta jirgin ruwa yake zuwa, da kuɗin waje ake biya. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 sun san abin da wannan ke nufi: kayan da aka sayo jiya, yau kuɗinsu ya ninka. Ba kuma a fure yake tafiya ba galibi. Ko dai a niƙa shi a curo shi ƙwaya-ƙwaya kamar abincin kaji a rufe cikin leda mara iska, ko kuma a tatso alfan ya zama wani abu mai kauri kamar zuma a zuba a gwangwani. Na ledar yana son ɗakin sanyi, in ba haka ba alfan ya riƙa raguwa, ƙamshin ya juya. Na gwangwanin ya fi jure tafiya da ajiya, ga shi ba nauyi, shi ya sa manyan kamfanoni a duniya ke dogara da shi wajen ɗaci. A irin wannan ciniki sunan iri ba ya cika damun kowa, lamba ake saye, kilo kaza na alfa.

Rana ma abokiyar gaba ce. In haske ya ratsa kwalba ya taɓa narkakken alfa, cikin ɗan lokaci giyar za ta ɗauki wani wari mai kama da na tunku. Kwalba mai ruwan ƙasa tana tare yawancin hasken, koriya kaɗan take tarewa, farar kwalba kuwa ba ta tare komai. Wasu kamfanonin masu son farar kwalba sukan sayi tataccen hof da aka sarrafa musamman don kada haske ya taɓa shi. Wannan ma wani zaɓi ne da ke da farashinsa.

An gwada neman madadi a gida. Da Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni suka koma ga dawa da masara, kuma abin ya yiwu, har dawa ta zauna daram a cikin sana'ar ko bayan an ɗage hanin. A Ghana ma an fitar da giyar rogo a 2012. To tun da an samu madadin sha'ir, me zai hana a samu na hof? Masu bincike a jami'o'in Nijeriya sun gwada shuwaka da namijin goro da ganyen darbejiya da wani ganye mai ɗaci da Inyamurai ke kira utazi. Ɗaci dai an samu, ba wanda zai yi gardamar ɗacin shuwaka. Amma hof ba ɗaci kaɗai yake sayarwa ba. Ga tsare abin sha daga lalacewa, ga kumfa, ga kuma uwa uba lambar nan da ke jikin kowace leda, wadda ke gaya wa mai dafawa daidai giram nawa zai zuba domin kwalbar bana ta yi daidai da ta bara. Shuwakar bayan gidan wannan da ta bayan gidan wancan ba ɗaya ba ne, kuma har yau manyan kamfanoni hof suke saya.

Masu dafa burukutu da fito da bilbil su kam ba ruwansu da wannan ciniki, kuma da dalili. Daɗin abin nasu a wajen masu sha tsami ne, ƙwayoyin da ke kawo tsamin kuwa su ne ainihin waɗanda hof ke dannewa. Da za a zuba shi a tukunyarsu da ya ɓata musu sana'a. Abin da suke biya a madadin haka shi ne kayansu ba sa ajiyuwa, kwana biyu ko uku sun juya, dole a sayar a unguwa.

Habashawa ne suka yi nisa da nasu ɗacin. Suna da wani ɗan itace da suke kira gesho, ana noma shi, a busar da ganye da rassan, a kai kasuwa, mata su daka su zuba a giyar hatsi da ake kira tella da ta zuma da ake kira tej. Yana ba da ɗaci, yana kuma taimakawa wajen ajiya, har wasu ke ce masa hof ɗin Habasha ko da yake ba dangi ba ne. Duk da haka kamfanonin giyar kwalba na ƙasar, su ma daga waje suke sayo nasu hof ɗin.